Makullin Injin Malam Bawale

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara. In na gama kowa sai ya faɗi nasa, kuma ban yarda wani ya ce mini duk ɗaya ne ba.

A wani gari na bakin fadama an yi wani mutum, Malam Bawale, mai injin casar shinkafa. Shekarun baya shi da ƙanensa Jatau suka yi wa injin rajistar kamfani, don an ce musu sai da ita ake samun kwangila. Kwangila ba ta zo ba. Daga baya rigimar iyakar gona ta raba su, ko gaisuwa suka daina, inji ya zauna a hannun Bawale.

Bawale ba macuci ba ne. Duk shekara in masu harajin jiha suka zo yakan biya, ya soke rasit a jikin ƙusa. A saninsa gwamnati ɗaya ce, aljihunta ɗaya. Shekarun da ambaliya ta cinye shinkafa kuwa, cewa ya yi ba a ci riba ba, me za a je a faɗa wa wani?

Ana tsakiyar kaka, mata sun yi layi da shinkafarsu turararriya, sai ga wasu mutane a mota. Suka ce daga hukumar harajin tarayya suke, kamfanin nan bai taɓa kai bayanin shekara ba, in wata ya ƙare bai kai ba za su garƙame ƙofa. Bawale ya zaro ƙusarsa ya miƙa. Babbansu ya duba ya ce, "Baba, wannan ba namu ba ne."

Daga ranar abinci ya daina shigarsa. In aka rufe inji a kaka, shekara ta tafi, masu kawo casa su koma garin gaba, kuma wanda ya koma ba ya dawowa. Gida duka da injin nan yake ci. Ko ƙarar mota ya ji sai ya miƙe tsaye. 'Ya'yansa uku suka ga uban zai zube a gabansu.

Babbar ita ce Lantana, tana aure a birni, tana sayar da atamfa. Ta kulle shagonta ana tsakiyar ciniki, mijinta na ƙorafi, ta kwashi rasit ta shiga ofis-ofis. Nan a ce ba nan ba ne, can a ce ta dawo gobe. Ta ƙi gajiya, har ta gane abin da ba wanda ya taɓa gaya wa ubanta: ƙofa biyu ce. Abin da mutum ya samu na kansa, jiha yake kai wa bayani. Na kamfani kuwa tarayya ake kai wa, kuma ko ba a ci ribar sisi ba sai an kai. Ta samo akanta, masanin lissafin kuɗi, ya shirya duka biyun. Ba don ita ba da har yau suna buga ƙofar da ba ita ba. Sai dai da ta dawo, a gaban masu casa ta ce, "Baba, ai ba zalunci aka yi maka ba, rashin sani ne naka." Tsoho ya sunkuyar da kai.

Na biyu Ashiru, shi ke taya uban aiki a inji. Akanta ya ce akwai tarar makara, sai an biya kafin a karɓi komai, kuma gidan babu. Ashiru yana da shanun huɗa biyu da ya raina tun suna maruƙa, su ne nomansa, su ne jarinsa. Ya ja su kasuwa da kansa. Dillalai suka ga idonsa, suka san a matse yake, suka karya masa farashi. Ya sallama, ya dawo da igiya a hannu. Ba don shi ba da aikin Lantana ya tsaya a takarda. Sai dai ku sani, lokacin da wani maƙwabci ya taɓa yi musu zancen harajin kamfani, Ashirun nan ne ya ce wa uban, "Ƙyale shi, Baba, na manya ne, ba namu ba."

Na uku Mamuda, mai zafin kai. Ranar ƙarshe akanta ya zauna zai tura bayanin ta intanet, sai aka ce an aika lambar sirri zuwa layin wayar da aka yi rajista da shi. Layin wa? Na Jatau. Canja layi kuwa sai an ɗauki lokacin da babu. Mamuda shi ne wanda ya taɓa ɗaga wa baffan nasa fartanya a bakin iyaka, ya rantse ba zai ƙara taka ƙofarsa ba. Ya tashi ya je, ya cire takalmi, ya durƙusa a zaure cike da mutane.

Jatau ya ce, "A'a, yau zaki ne a gidana? Ina fartanyar?"

Mamuda ya ce, "Na tuba, Baffa. Lambar da ta shigo wayarka nake roƙo."

"Lamba? Ni ma akwai abin da nake roƙo shekara da shekaru."

Kowa ya san gefen gonar nan da ake rigima a kai yake nufi, kuma Mamuda ke nomansa. Mamuda ya ce, "Na bar maka, ga shaidu." Kafin Jatau ya lalubo tabarau lambar ta mutu, aka sake turo wata. Ya karanto ta ɗaya-ɗaya kamar mai jan rai, Mamuda na maimaita wa akanta ta waya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Bayani ya shiga ana gab da tashi aiki. Ba don shi ba da shanun Ashiru sun tafi a banza. Sai dai gonar da ya bayar ta ubansa ce, bai kuwa tambaye shi ba.

Ba a rufe inji ba. Amma Bawale bai koma yadda yake ba. Ya tara 'ya'yan ya ce shi ya gaji, mutum ɗaya zai riƙe injin, don ya ga abin da haɗaka ta yi masa da ɗan'uwansa. Ya ajiye makulli a kan tabarma. Ba wanda ya miƙa hannu, ba kuma wanda ya ɗauke ido daga kansa.

To, ku da kuka ji: tsakanin wadda ta gano ƙofa, da wanda ya sayar da shanunsa, da wanda ya durƙusa wa maƙiyinsa, wa ya kamata ya ɗauki makullin nan?