Fuskar Ɗan Fari

"Ku matso kusa, ku bar hayaniya. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wata mata ce wai ita Ladingo. Cikinta na fari ya tsufa, sai aka kai ta gidan iyayenta goyon ciki. Ta haihu lafiya, ta sami namiji. To kun san al'adarmu. Uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ko sunansa ba ta faɗa. Ladingo kuwa ta fi kowa kunya. In an miƙo mata jaririn ya sha nono, sai ta juya fuska bango. In 'yan barka sun yabi kyan yaron, sai ta ja mayafi ta rufe ido. Mata suna ta sa mata albarka, wai an ga 'yar mutunci. Ita kuma a zuci cewa take, bari jama'a su watse, bayan suna sai in ƙare masa kallo son raina.

Ba a kai ga sunan ba. Ana gobe za a yanka rago zazzaɓi ya kama yaron, kafin la'asar ya koma. Maza suka naɗe shi suka fita da shi, ita tana bayan ɗaki ana yi mata wankan jego.

Ladingo ba ta yi kuka ba, don ba a yi wa ɗan fari kuka a bainar jama'a. Amma in ta rufe ido ta nemi fuskarsa, sai ta rasa. Ta daina shan kunu, nono ya cika yana zuba a banza. Ta rame ta lalace. Ta ce in dai ba ta san kamar ɗanta ba, ba ta ga amfanin zamanta a duniya ba.

Sai ta je wurin uwarta, ta tarar tana daka. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, yaya kamarsa take?" Uwar ta ce ai jarirai duk kamarsu ɗaya, ta yi haƙuri, Allah zai ba ta wani. Ni dai wannan magana ban taɓa sonta ba. Wa ya ce mata wani take nema?

Sai ta je wurin Tanko wanzami, wanda ya zo ya duba wa yaron baki. Ta durƙusa ta ce, "Baba, yaya kamarsa take?" Tanko ya sosa ƙeya, ya ce shi dai ya tuna ƙarfin muryarsa, amma fuska ba ya riƙewa, yaran da suka bi ta hannunsa sun yi yawa.

Sai ta je ƙarshen gari wurin Yalwa ungozoma, wadda ta karɓi haihuwar. Tsohuwa ce tukuf, yanar ido ta rufe mata gani. Ladingo ta zube a gabanta ta ce, "Iya, yaya kamarsa take?"

"Ni ma ban gan shi ba, 'yar nan. Hannuna ne ya san shi."

Ta lalubo fuskar Ladingo, ta shafa goshi ta ce faɗin nan ya ɗauko. Ta shafa kunne ta ce wannan ba nata ba ne, na ubansa ne. Ladingo ta yi ta haɗawa a ranta, fuska ta ƙi haɗuwa. Ta tashi za ta tafi jiki a mace, sai tsohuwa ta riƙe mata zane.

"Fuskarsa ba zan iya ba ki ba. Amma duk lokacin da na ɗora miki shi a cinya, ni nake tallafe da kansa. Ke ki kau da kai, shi kuma ɗan kan nan ya yi ta juyawa a tafina har sai ya daidaita da fuskarki, sannan ya natsu. 'Yan kwanakin da ya yi a duniya, ke ya yi ta kallo."

Nan Ladingo ta fashe da kuka, har maƙwabta suka leƙo, ba ta damu ba. Da ta sarara ta ce, "Allah na gode, ashe shi ya san ni." Yalwa ta dama mata kunu, ta shanye.

Daga nan ta zama idon Yalwa, duk gidan haihuwa tare suke zuwa, har ta gaji aikin. Ita kuma da nata salon. Da zarar ta wanke jariri, sai ta kori mata waje, har uwar mai jego, ta saki asabari. Ta ɗora shi a cinyar uwarsa, ta juya musu baya ta ce, "Ba kowa a nan. Dube shi da kyau."

Wasu suka ce tana ɓata tarbiyya, wasu suka daina kiranta. Ba ta fasa ba. Ta tsufa ta mutu ba ta san kamar ɗanta ba, amma ba a sake samun uwa a hannunta da aka binne wa ɗa ba ta san fuskarsa ba.

Ƙurunƙus kan kusu, a nan ta tsaya. Abin da Allah ya ɗora muku a cinya, ku dube shi yau ku gode, kada ku ce sai an watse. Ku tashi ku wanke ƙafa.