Mai Kunnen Da Ba Ya Kuskure

An yi wani mutum a Nassarawa GRA ta Kano, a shekarun da kuɗin mai ya fara ambaliya a ƙasar nan. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da jikoki a raye. Allah Ya yi wa mutumin nan baiwar ji. Yana zaune a falo mota za ta tsaya a waje, sai ya faɗa maka ta wane ce, a leƙa a ga haka ne.

Sana'arsa shigo da kayan sauti daga Turai, na'urar faifai da amfilifaya da manyan sifiku masu tsayin mutum. Ban zo yau in yi maganar kiɗa ba, wannan karatun wata rana ne. Masu kuɗin unguwar ba sa sayen komai sai ya saurara ya ce ya yi. Jarinsa na gaskiya kunnensa ne. Da ma ya gode wa Wanda Ya ba shi. Ina! Sai ya koma yana cewa, "Kunnena ba ya kuskure."

Ya 'yan uwa, a cikin amfilifaya akwai wani ɗan abu baƙi mai ƙafa takwas, bai fi ƙwayar wake ba. Masu gyara suna ce masa aisi. Shi yake karɓar sauti siriri kamar raɗa ya ƙara masa ƙarfi. Subhanallah, dubi abin da Allah Ya sanar da ɗan Adam! Akwai mai tsada, akwai mai araha, mutumin nan kuwa yana tinƙaho babu irin na cikin amfilifayarsa ta gida a duk Kano.

Wata rana amfilifayar ta ƙi yi. Aka kira Malam Aƙilu, dattijo mai gyaran rediyo a Kaura Goje. Ya liƙa wata waya da ta tsinke, ya tafi. Mutumin nan ya ɗora faifan goge, ya kasa kunne, ya ɓata rai. Ya ce sauti ya dushe, an sace masa aisi an sa na banza. Ya sa aka kama Malam Aƙilu, ya yi kwana uku a tsare. Da ya fito babu wanda ya sake kawo masa gyara. Wa zai ba ɓarawo rediyonsa?

To akwai Fabian, malamin lantarki ɗan Kudancin Zariya, wanda ya san gaskiyar Malam Aƙilu. Ya buɗe amfilifayar a gaban mutane, ga aisi na asali da lambarsa. Mutumin nan ya ce jabu ne, kunnensa ya faɗa masa.

Fabian ya ce, "Alhaji, kawo mai tsada sabo daga shagonka, ni in kawo mai araha daga kasuwa. In kunnenka ya raba su ba tare da ido ba, na sallama."

Ya yi dariya ya ce, "Wallahi in na kasa, Allah Ya karɓe kunnen nan."

Kun ji maganar da ta fita daga bakin mutum?

Ranar Asabar bayan la'asar falonsa ya cika da abokan ciniki. Fabian ya haɗa aisi biyun da makunni ɗaya, ya daidaita ƙarfinsu, ya ja labule ya shige baya. Faifai ɗaya, sau ashirin. Kowane karo mutumin nan ya lumshe ido ya yanke hukunci ko mai tsada ne ko mai araha, ana rubutawa, Fabian ma yana rubuta wanda ya kunna. A na ƙarshe har ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan ne nawa! Ku ji yadda gogen yake numfashi."

Aka yaye labule, aka gwada takardarsa da ta Fabian. Tara ya ci cikin ashirin. Ko kurma aka ce ya canka zai iya kawo haka. Karo huɗun ƙarshe ma Fabian bai taɓa makunnin ba, mai arahar ne yake ta yi, Alhaji yana yabonsa sau biyu, yana kushe shi sau biyu.

A nan Allah Ya buɗe masa ƙofar tuba. Kalma ɗaya ce, ya je Kaura Goje ya ce ya yi kuskure. Ya ƙi. Ya rufe kansa a ɗaki da aisi biyun, yana juya makunni, yana neman bambancin da ya rantse akwai. In bai ji ba sai ya ƙara murya. In bai ji ba sai ya manna kunne a jikin sifika. Wata da watanni yana haka, har tagogi suna girgiza.

Da farko wani ƙara ya zauna masa a ka kamar kukan gyare. Daga baya gyaren ma ya yi shiru. Likitoci har na Turai suka ce ji ya tafi. Shago ya mutu, aka sayar da gida, ya koma ɗaki ɗaya a Badawa. Mutumin da yake gane mota daga falo, sai an dafa kafaɗarsa kafin ya san an kira salla.

Bayan shekaru Malam Aƙilu ya ji halin da yake ciki. Ya zo da sandarsa, ya zauna gabansa, ya ce, "Alhaji, na yafe maka duniya da lahira." Sau uku yana maimaitawa. Mutumin nan yana kallon leɓɓan dattijon suna motsi, hawaye yana zuba, yana tambayar mutane, "Me yake cewa? Tsine min yake yi?"

Ya 'yan uwa, kowa ya taɓa kunnensa. 'Yar kafa ce da yatsa ɗaya yake toshewa, amma da ita uwa take tsamo kukan ɗanta a cikin yara ɗari. Kai ka ƙera ta? Aro aka ba ka. Mutumin nan bai halaka don ya kasa raba aisi biyu ba, kowa yana kasawa. Ya halaka ne don ya ɗauki zatonsa ya mai da shi shaida a kan bawan Allah, ya ɗora rantsuwa a kai, aka nuna masa gaskiya a fili ya kau da kai.

Allah Ya kiyaye mu daga girman kai da ƙazafi da rantsuwar ganganci. Ya bar mana jinmu da ganinmu, Ya ba mu ikon cewa mun yi kuskure tun kunnuwanmu suna jin amsar. Amin.