Kwamfutar da Ke Tambayar Ɗanasabe Dalili

Akwai wani sakataren ƙungiyar direbobi a Kaura Namoda, sunansa Ɗanasabe. Shi ke rubuta motocin da za su tashi zuwa Shinkafi da Zurmi, da lokacin tashinsu. Yadda hanya ta lalace da 'yan bindiga a shekarun nan, ko matarsa ba ya bari ta ga takardar.

Wata rana amininsa Jabir, wanda ke aiki a wani ofis a Gusau, ya kawo masa kyautar tsohuwar kwamfuta. Ya ce ofishinsu ya sauya sababbi.

Ɗanasabe ya yi murna, amma murnar ba ta yi mako ba. Kwamfutar ba ta fitar da sauti. Duk shafin intanet da ya buɗe sai ta tare shi da gargaɗi. Abin da ya fi tayar masa da hankali, in zai kashe ta sai ta nemi ya rubuta dalili.

"Wa ke karanta dalilin nan?" ya tambayi direbobi a rumfar tasha. "Kuma mi ya sa Jabir ya ba ni ita kyauta?"

Bai ƙara komai ba, amma kafin Juma'a magana ta yi ƙafa. Aka fara raɗa cewa Jabir infoman 'yan bindiga ne, ya dasa na'urar leƙen motoci. Har mahaifiyar Jabir, Tani, wani direba ya hana ta shiga motarsa.

Ɗanasabe ya naɗe kwamfutar a buhu, ya kai wa Ummusalma, mai shagon gyara a bakin kasuwa.

"Ɗiyata, ki ciro mini abin da aka ɓoye a ciki."

Ta kunna, ta duba, ta ɗago kai. "Baba, wannan manhajar saba ce. An yi ta don ta zauna a ofis tana yi wa sauran kwamfutoci hidima, ba a kashe ta sai da hujja. Shi ya sa take tambaya."

"To wa take kai wa amsar?"

"Babu kowa. Nan cikinta take ajiyewa."

Bai yarda ba. Ya ja kujera ya zauna dab da ita, yana bin yatsunta da ido, yana tunanin ko ita ma bakinsu ɗaya. Ummusalma ba ta yi fushi ba. Ta shiga saiti ta kashe tambayar. Ta tayar da sautin da aka bari a rufe. Ta sassauta tsaron da ke tare shafuka. Sannan ta buɗe masa ma'ajiyar, ga dalilansa nan a jere, har wanda ya rubuta cikin fushi: "Ina ruwanki."

Ta kunna karatun Alƙur'ani, sauti ya cika shagon.

Washegari Ɗanasabe ya hau mota zuwa Gusau neman gafarar Jabir. Jabir ya saurare shi har ƙarshe, bai katse shi ba.

"Ni na yafe maka," in ji Jabir. "Amma da ka kira ni ka tambaya, minti biyu ya isa. Ka koma rumfar da ka faɗi ta farko, ka faɗi wannan."

Ya koma. Ya tsaya a gaban direbobi ya ce shi ya yi kuskure, Jabir ba shi da laifi. Wasu suka gyaɗa kai. Wani daga baya ya ce, "Uhm, an dai sasanta."

Bana Jabir bai zo gida Sallah ba. Ya aiko an tafi masa da mahaifiyarsa Gusau.

Darasi: Abin da ba ka gane ba, tambayi masani kafin ka ɗora wa ɗan'uwanka zargi. Saitin kwamfuta ana gyara shi a zama ɗaya, sunan mutum kuwa in ya ɓaci, ko wanda ya ɓata shi ba ya iya mayar da shi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila ya tsayar da wani harshe yau.