Amsa Ɗaya Sau Goma Sha Ɗaya

Akwai wani mutum da abokan aikinsa suke kira Gwani. Abin da ya same shi ya fara ne ranar Talata, sha huɗu ga wata, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe, lokacin da shi kansa bai san ya fara ba.

Gwani yana da ofishin talla a hawa na biyu, saman wani shagon gyaran tabarau. Su shida ne a ciki, har da mai hoto, mai zane, mai haɗa bidiyo da sakatare. Aikinsu riƙe wa kamfanoni shafukansu na sada zumunta: su ɗauki hoto, su tsara saƙo, su amsa wa jama'a. Babban mai ba su aiki wani kamfanin motocin doguwar tafiya ne. Da shi mutum shidan nan suke ciyar da gidajensu. In ya janye, sai a rufe ƙofa.

Ba a raina Gwani wajen basira. Shi ya ƙirƙiro gasar masu barci: fasinja ya ɗauki hoton na kusa da shi yana sharar barci baki buɗe, ya turo, wanda ya fi ban dariya ya ci tikiti kyauta. Cikin mako uku mabiya shafin suka ninka.

A teburin bakin taga akwai wata dattijuwa mai amsa saƙonni. Da yatsa ɗaya take rubutu, kuma sai ta karanta saƙo sau biyu kafin ta taɓa shi. Shi ya sa suka sa mata Inna Sannu.

“Inna, mutum ɗari huɗu na jira,” in ji Gwani wata rana, “ke kuma kin tsaya tambayar mutum ɗaya lafiyar jikokinsa.”

“Ɗana, ai shi ya fara gaishe ni.”

Mai hoto ya ce, “Kafin Inna ta amsa wa mai tambayar motar safe, ya je ya dawo har ya yi furfura.”

Aka yi dariya, har da ita.

A makon nan Gwani ya jera saƙonnin wata guda a kwamfuta, kowanne da ranarsa da sa'ar da zai fita da kansa. Ya kuma saita na'ura ta riƙa ba duk wanda ya rubuto amsa nan take. Amsar ita ce: “Barka da hanya, matafiyi! Maƙwabcinka ya yi barci? Turo mana hotonsa ka ci tikiti kyauta!” Da 'yar fuska mai dariya a ƙarshe.

Inna ta karanta sau biyu. Ta ce, “To, in aka wayi gari ba ranar dariya ba ce fa?”

“Inna, ke dai ki huta. Aikin nan ya wuce zamaninku.”

Sannan ya canza kalmar sirrin shafin, bai gaya wa kowa ba. Mai zane ya taɓa canza masa launi ba da izini ba, tun daga nan ba ya yarda a taɓa masa aiki.

Ranar Talatar, an gayyace shi wani otal ya yi jawabi a kan basira a harkar talla. Ƙarfe tara da minti biyar ya kashe wayarsa ya hau dandamali.

Tara da ashirin, tayar gaba ta motar da ta tashi ƙarfe shida ta fashe a kan gada. Motar ta kife da mutum hamsin da ɗaya.

Kafin tara da arba'in labari ya bazu. Layin wayar tasha ya cushe, sai mutane suka koma shafin kamfanin. Ina ƙanena? Matata tana kujera ta goma sha biyu. Wane asibiti aka kai su? Kowa ya rubuta, kafin ya ɗauke yatsa amsa ta iso: Barka da hanya, matafiyi.

Ƙarfe goma daidai, bidiyon ranar ya fita kamar yadda aka tsara. Fasinjoji ne a kujeru, kawuna sun langaɓe, baki a buɗe, ga kiɗa a ƙasa.

A ofis, sakatare ta kira Gwani sau talatin. Mai zane ya gwada ranar haihuwarsa, ya gwada sunan 'yarsa, shafin bai buɗe ba. Mai hoto ya ruga otal, mai gadi ya ce ba ya shiga sai da katin gayyata.

Inna kuwa ta miƙe. Ta ɗauki littafin rubutu, ta kwafe lambobin wayar da mutane suka bari a ƙasan bidiyon, ta rataya jakarta ta tafi tasha. Daga tasha ta wuce asibiti, ta tsaya kusa da ma'aikacin da ke rubuta sunayen waɗanda aka kawo. Da wayarta ta riƙa kira ɗaya bayan ɗaya.

“Salamu alaikum. Ni mutum ce, daga wajen motar nake. Faɗa min sunansa, zan duba.”

Wanda nasa ke raye, ta gaya masa lambar ɗaki. Wanda nasa ya rasu, ta ce ya zo, tana bakin ƙofa tana jiransa.

Sha ɗaya da talatin da biyar Gwani ya kunna waya, ana tafa masa. Ya tsaya a bayan labule ya karanta. Bai yi salati ba, bai yi kuka ba. Ya ji dai kamar hannun da ke riƙe da wayar na wani ne. Sau uku ya danna, amsar na'urar da bidiyon duk suka tsaya. Wani ya dafa shi ya ce jawabi ya yi kyau, ya ce ya gode.

Daga baya ya ƙirga. Na'urar ta ba da amsar sau dubu ɗaya da ɗari biyu da shida.

Kwana biyu yana zuwa ofis ya zauna. Matarsa ta ce, “Baban yara, ko ruwa ka sha mana.” Ya sha, don ta ce ya sha.

Ranar Alhamis mai motocin ya hawo benen da kansa. An ba shi kujera bai zauna ba.

“Mutum tara na rasa,” ya ce. “Taya tawa ce, wannan zan ɗauka har in mutu. Amma dariyar ba tawa ba ce.”

“Ranka ya daɗe, zan rubuta ban haƙuri. Zan tsara shi yadda...”

“Kada ka ƙara tsara min komai. Akwai wata mata. Ka je ka gan ta tukuna, sannan mu yi maganar aiki.”

Inna ce ta raka shi, don ta san gidan. Ɗaki ne ƙarami, da keken ɗinki an lulluɓe shi. Matar tela ce. Ɗanta mai gyaran famfo, ɗan shekara ashirin da shida, yana cikin taran.

Suka gaisa. Inna ta ce, “Yaya, ga mai ofishinmu.”

Matar ta miƙa masa wayarta a buɗe. Ya karanta. Don Allah ɗana yana motar ƙarfe shida. Barka da hanya. Yana sanye da shuɗiyar riga. Barka da hanya. Bawan Allah, ba hoto nake nema ba. Barka da hanya. Ya gangara har ƙasa. Sau goma sha ɗaya ta rubuta, sau goma sha ɗaya aka amsa mata.

“Kai ka rubuta?”

“Ni ne, Mama.”

Ta gyaɗa kai. Babu faɗa a muryarta.

“Ka iya rubutu. Na ɗauka mutum ne a can, shi ya sa na yi ta roƙonsa. Na ce wataƙila bai fahimce ni ba ne, ni ce ban iya bayani ba.”

Gwani ya buɗe baki. Shekara goma sha biyu sana'arsa ke nan, nemo kalmar da ta dace. Bai samu ko ɗaya ba.

Matar ta karɓi wayarta, ta juya ga Inna. “Ke kuwa kin ci abinci yau? Ranar nan a tsaye kika wuni.”

Da suka fito, Gwani bai koma wajen mai motocin neman alfarma ba. Washegari takarda ta zo: kamfanin ya janye aikinsa. A layin ƙarshe an roƙi dattijuwar da ta tsaya a asibiti ta zo ta riƙe musu teburin amsa wa jama'a, ta kuma zaɓi wanda zai taya ta. Mai hoto ta zaɓa.

Ga yadda aka ƙare. Inna Sannu da mai hoto suna kamfanin motoci. Mai zane ya koma wurin ƙanen mahaifinsa, yana buga katin gayyata. Mai haɗa bidiyo ya bar garin, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An mayar da ɗaya daga cikin ɗakunan ofishin biyu ga mai ginin. Waɗanda suka rage a ɗayan su biyu ne: sakatare, wadda ke zuwa kwana uku a mako, da Gwani.

Darasi: Basira baiwa ce, amma ba ta san ranar da aka wayi gari da makoki ba, mutum ne ya sani. Duk abin da za ka sakar wa jama'a, ka bar mai rai a kusa da shi, kuma kada girman kai ya sa ka riƙe makulli kai kaɗai. Wanda kake wa dariya don yana aiki a hankali, wataƙila mutanen da kai ka daina gani yake kallo. In ka san mai riƙe da shafin wani kamfani ko shago, tura masa wannan ya karanta.