Tafin Hannu a Jikin Dutse

Akwai wani mutum da aka haifa a wani ƙauye can bayan fararen tuddai. Ƙasar wurin fara ce fat, irin wadda mata ke haƙowa su shafe ɗaki da ita. Tudu na bin tudu kamar raƙuma sun durƙusa a jere, tsakaninsu kuwa kwaruruka ne da ba sa ganin ruwa sai da damina. Wanda ya bi hanyar nan, ko baƙi ne kamar gindin tukunya, yakan iso gida fari har gira.

Mutanen ƙauyen suna da wata al'ada. A kowane kwari akwai inda ruwa ke kwance a ƙarƙashin yashi. Matafiyi yakan tona ya sha, ya rufe ramin da faifan dutse. Sa'an nan ya kwaɓa farar ƙasa, ya tsoma hannu, ya manna tafinsa a jikin dutsen da ke kusa, domin na baya ya san inda zai tona. Damina takan wanke alamar, masu wucewa su sabunta.

Mutumin nan ya girma, ya tafi birni, ya yi tumbi, ya daɗe bai waiwayi gida ba. Aka yi titi ya zagaye tuddan, mutane suka daina bin tsohuwar hanya.

Wata rana da rani taubashinsa, wato ɗan ƙanwar babansa, mai suna Korau, ya zo ya ce masa, “Yayarka Tabawa tana kwance. In kana son ka same ta da rai, tashi.”

Tabawa ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Suka shiga mota zuwa mararraba, aka ce motar ƙauyen sai ranar kasuwa, kasuwar kuwa da sauran kwanaki. Mutumin ya ce ba zai jira ba. Suka cika gorunansu suka kama hanyar tuddai.

Da fari tafiya ta yi daɗi. Ya nuna wa Korau inda suke kiwon awaki, da gangaren da suke sulluɓowa a kan tsohuwar fata har wando ya yage, da aduwar da Tabawa ke kakkaɓo masa 'ya'yanta. Korau ya ce, “Ka tuna da aduwa, ɗan birni, amma ƙafafunka sun manta da tudu. Ko in nemo zani in goya ka?”

Ya ce, “Goya kanka tukuna, kai da kake tafiya kamar agwagwa.”

A kwari na fari suka duba duwatsu, ba alama. A na gaba ma haka. Suka kwana, suka tashi, suka hau, suka gangara, ruwan gora yana raguwa. Da suka kai kwari na ƙarshe rana ta take, ko ɗigo bai rage ba, ga kuma tudu mafi tsawo a gabansu. Suka tona nan, yashi. Suka tona can, yashi. Tsokana ta ƙare, gama harshe ya bushe. Mutumin ya zube a inuwar wani dutse ya ce, “Korau, ka wuce. Ka ce wa Yaya na taso.”

Yana kwance ke nan, sai idonsa ya faɗa a kan wani fari can ƙasa a gindin dutsen, inda mai tsaye ba zai lura ba. Tafin hannu ne ƙarami, na bana, damina ba ta taɓa shi ba. Yatsa ɗaya guntu ne.

Ya san hannun nan. Taɓarya ce ta datse yatsan tun Tabawa tana yarinya, tana yi masa daka yana bayanta. Alamar kuma ta sauko ƙasa ne domin bayan mai ita ya tanƙware.

Suka ɗaga faifan dutse, suka tona kaɗan, ruwa ya tsattsafo. Suka sha, suka huta, suka haye tudun.

Da suka isa gida, suka sami Tabawa a kan tabarma, numfashi sama-sama. Maƙwabta suka ce kowace shekara, da zarar ruwa ya ɗauke, sai ta dogara sanda ta tafi kwarin nan. An yi mata dariya, an ce ba mai bin hanyar. Ita kuwa takan ce, “Auta ba ya da haƙurin jiran mota.”

Ya durƙusa ya ce, “Yaya, ga ni.”

Ta buɗe ido ta dube shi, ta dubi tumbin. Ba ta ce ina ka shiga ba. Ta ce, “Auta, ka rufe ramin?”

“Na rufe, Yaya.”

“Ka sa hannu?”

Ya buɗe mata tafinsa, yana nan fari. Ta riƙe shi.

Ga ma'anar wannan misali, jama'a, kuma na baya can da ke gyangyaɗi, a taɓa shi. Hanyar tuddai ita ce rayuwarmu, hawa da gangara. Busasshen kwari shi ne kwanakin da addu'a ke yi mana nauyi a baki. Ruwan da ke ƙarƙashin yashi alherin Ubangiji ne, bai taɓa ƙafewa ba, mu ne muke manta inda za mu tona. Tafin hannu kuwa shi ne waɗanda suka riga mu: tsohuwar da ta koya maka waƙar sujada kana wasa da ƙasa, dattijon da ya ja maka kunne a bencin baya, uwar da ke ambaton sunanka kullum alhali kai ka manta hanyar gida. Da yawansu sun tafi. A cikinmu ba wanda ya gano ruwan nan da wayonsa.

To, ka sha, mun gani. Amma akwai na bayanka, wataƙila ɗanka ne, wataƙila wanda kowa ya ce ba zai dawo ba. Kafin ka fita yau, buɗe hannunka ka duba ko fari ne.