Ranar da Gizo Ya Tafi Satar Natsuwa

Ga ta nan ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Gizo dai kun san shi, jikinsa a gida, hankalinsa a tukunyar maƙwabta. Matarsa Ƙoƙi za ta sa masa tuwo, yana kai loma baki yana shinshinar ƙamshin gidan Kura. Ran nan abin ya ishe ta, ta ce, "Maigida, miyar me ka sha yanzu?"

Gizo ya sosa ƙeya. "Kuɓewa... ko taushe?"

"To wallahi anjima in na sa maka tuwo ba ka faɗi yadda miyata take ba, gidanmu zan tafi. Na gaji da dafa wa mutumin da ba ya nan."

Gizo kuwa, duk shegantakarsa, yana son Ƙoƙi. Ya ce a ransa, "Natsuwa ce ba ni da ita. Bari in sato ta wurin masu ita."

Ya tarar da Zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a bakin tafki. "Malam Zalɓe, ina ka ɓoye natsuwarka?"

"Ban ɓoye ba. Ruwa nake kallo, ruwan kawai."

Gizo ya ce ƙarya ne, asirin a ƙafa yake. Ya ɗage ƙafafunsa ya bar guda. Sai ya tuna ana suna a gidan Zomo, tsundum cikin taɓo!

Ya tarar da Kunkuru ya shige ƙoƙonsa. "Baba Kunkuru, ina ka ɓoye natsuwarka?"

"Ban ɓoye ba. Numfashina nake saurare, yana shiga yana fita."

Gizo ya ce ƙarya ne, asirin a ƙoƙo yake. Ya cusa kansa cikin tulu. A duhun tulun ya dinga ganin balangu, ya kai cafka, tulu ya fashe masa a ka.

Ya tarar da Hawainiya a kan reshe. "Gwaggo Hawainiya, ina kika ɓoye natsuwarki?"

"Ban ɓoye ba. In na ɗaga ƙafa na san na ɗaga, in na ajiye na san na ajiye."

Gizo ya ce ƙarya ne, asirin a yanga yake. Ya kama tafiya sannu-sannu, amma hankalinsa tuni ya kai kasuwa, sai ya taka ƙaya.

Ya dawo gida yana ɗingishi, ya ga Ƙoƙi ta ɗaure ƙunshi, ga akushi a gefe. Ya zauna, dabara ta ƙare. Sai ya ji numfashinsa yana shiga yana fita. Ya ga tururi na tashi daga tuwo. Ya yanki loma, ya san ya yanka, ya kai baki.

"Kuka ce, da daddawa... Ƙoƙi! Babu gishiri!"

"Tun farkon damina na daina sawa, Maigida."

Kunya da tausayin matarsa suka kama Gizo har ya yi ƙwalla. Ƙoƙi ta kwance ƙunshin nan, ashe ba kayan yaji ba ne, gishiri ne. Ta barbaɗa masa. Gizo ya rantse bai taɓa cin tuwo irin wannan ba, alhali shi ne tuwon kullum.

To kun ji. Natsuwa ba a sato ta, kuma farin ciki yana cikin akushin gabanka, in dai kana nan. Har da kai Tanko, da ka zuba mini ido hankalinka na kan gyaɗar cikin toka.

Kungurus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya.