Gara Sarkin Gini

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Tsohon soron kakannin dabbobi ne ya tsage, ga damina ta ƙarato. Sai Gizo ya kira gayya, ya ce a yaɓe shi a mayar da shi ɗakin shawara.

Kura ta ce, "To wa zai ja aikin?"

Gara ta ce, "Ni mana. Tun kakata muke cikin soron nan, babu ƙyauren da ban san ɗanɗanonsa ba."

Aka ce lalle ga mai kishin gado, aka naɗa ta Sarkin Gini. Ana kwaɓa ƙasa tana cewa, "A ƙara ciyawa, haka magabata suka yi." Aka yi ta ƙarawa.

Ranar buɗewa Kura ta ci tuwo ta ƙoshi, ta jingina da bango. Sai ga ta a waje, ƙafafu sama.

Gizo ya ce, "Sarkin Gini, yaya haka?"

Gara ta share baki ta ce, "A sake gayya. Amma wannan karon a rage ƙasa, tana shaƙe mini yara."

Ƙurunƙus kan ɓera, ba don Gara ba da soron na tsaye.